Kwana Tara da Na Raba Inna da Rahila

Wata bakwai ke nan da aka sallamo mu, Inna har ta fara zagaya tsakar gida da sanda ba tare da an riƙe ta ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru. Abu biyu nake so a sani. Na farko, duk mai tsoho a gida, in ya ji ciwo a ƙafa ya yi mako bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi a auna suga, kada a tsaya sauraron kowa. Na biyu kuwa laifina ne, kuma ya fi wuyar faɗa.

Ni ce 'yar fari a wajen Inna Hauwa. Ina aure a cikin Wudil, ina koyar da matan aure a wata Islamiyya, shekara goma sha huɗu ke nan. Inna tana Darki, a gidan da Baba ya rasu ya bar ta, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Karatunta bai wuce Fatiha da ƙananan surori biyar ko shida ba, da su take sallah tun kafin a haife ni. Da yake ni ce ta fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. In za ta yi mini magana sai ta ce "ke", in tana cikin raha ta ce "Malama". Haka na taso na gani, ban taɓa jin zafin abin ba sai da muka kwanta asibiti.

Bayan an gama girbi ne ta taka kututturen dawa a bayan gari, ya soke ta a ƙarƙashin babban yatsa. Ta ce ba ta ma ji ba, sai da ta ga jini a takalmi. A makon farko aka kai ta kemis, aka wanke, aka yi allura, aka ce ta daina sa ƙafar a ruwa. A mako na biyu wurin ya kumbura ya fara fitar da ruwa. Kawu Iliya, wan Inna, ya ce ba komai ba ne sai dafin kara, ya kawo sassaƙe a dafa a riƙa gasawa. Wata maƙwabciya ta ce zuma, wata ta ce toka da man shanu. Duk an yi. Ni ma da nake ganin na fi su sani, abin da na kai mata ruwan tofi ne da man habbatussauda, na dawo gida hankalina kwance. Ta riƙa cewa ƙishirwa na damunta, tana yawan fita fitsari, muka ce zafi ne.

Ranar da na je a mako na uku, tun daga ƙofar ɗaki na ji warin. Yatsan ya yi baƙi. Ban nemi shawarar kowa ba, na kira maigidana ya samo mota muka kawo ta asibiti a nan Wudil. Muka isa da hantsi, layin kati kaɗai ya kai mu azahar, Inna na zaune a kan benci ƙafarta a kan bokitin da na kifa mata. Da aka auna jininta, likitan ya kalle ni ya tambaya tun yaushe take da suga. Na ce ba ta da shi. Ya ce tana da shi, kuma ya daɗe, shi ya sa ba ta ji sukar ba, shi ya sa kuma ciwon ya ƙi rufewa. Aka ba mu gado a ɗakin mata.

Ba zan manta alherin wata nas 'yar Utai ba, wadda take wanke ciwon a hankali tana jan Inna da hira. Akwai kuma wadda in ita ce a bakin aiki, sai mun kira sau uku kafin ta ɗago. Auduga, bandeji, ruwan wankin ciwo, duk a waje muke sayowa kullum, har sai da aka kai awakin Inna biyu kasuwar Juma'a.

Gadon da ke hannun hagunmu wata tsohuwa ce a kai, sunanta Rahila. Kirista ce 'yar ƙasar Tangale, ɗanta yana aiki a jami'ar nan, ya ɗauko ta daga gida saboda ciwon zuciya da ya kumbura mata ƙafafu. Surukarta Ladi ce ke jinyarta. Kada wani ya zaci wata saliha ce mai sanyin murya. Mafaɗaciya ce. Ta yi wa Ladi faɗa a kan kunu ya yi ruwa, ta yi wa nas faɗa a kan fanka, ta ce wa likita ido da ido ita ba za ta daina cin gishiri ba. Amma da safe da yamma sai ta ɗora Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan ƙirjinta, ko buɗe shi ba ta yi saboda idonta ya yi rauni, ta rufe ido ta yi ta magana ƙasa-ƙasa. Yadda take maganar ne ya fara tsaya mini a rai. Ba kamar mai karanto abin da ta haddace ba. Kamar mai ba wani na gida labari. Har ƙorafi take yi a ciki, ta yi shiru kamar tana jiran amsa, sannan ta ci gaba.

Kwana biyu kawai suka saba da Inna. Gyaɗa ce ta fara haɗa su, kowacce tana cewa ta garinsu ta fi mai. Daga nan in Inna ta yi taimama za ta yi sallah a zaune, sai Rahila ta ce wa Ladi ta kashe rediyo. In Rahila ta rufe ido, sai Inna ta ɗaga mini hannu in rage murya. Da farko na ji daɗin wannan. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne lokacin wankin ciwo. Ina tsaye a dama ina karanta mata addu'o'i, amma in zafin ya kai mata, hagu take juyawa ta miƙa hannu, Rahila ta kama. Ni da na baro gidana da 'ya'yana da ajina, ina kwana a tabarma a ƙarƙashin gadonta, ba hannuna take nema ba.

Ranar da muka cika mako, bayan la'asar, na dawo daga wanke kwanuka na ji muryar Inna tana ba da labari, sai na tsaya a bakin ƙofa. Labarin ƙanena Sani take bayarwa, wanda ƙyanda ta kashe yana da shekara uku, ni ina da bakwai. Ta ce a ranar da aka binne shi ta kasa kuka a gaban mutane, sai ta zagaya bayan rumbu ta tayar da sallah. Da ta kai goshinta ƙasa, komai ya ɓace mata, ko tasbihin sujada ta kasa tunawa. Ta ce sai ta ji kamar an lulluɓe ta, yadda ake lulluɓe jariri da zane in an gama yi masa wanka, ta tabbata a ranta ana ganinta, an san abin da ke cikinta, ba sai ta faɗa ba. Ta ce ta ɗago ba ta daina baƙin ciki ba, amma tsoro ya fita.

Rahila ta ce, "Na san wannan, Hauwa. Ni a ɗakin girki ya same ni, bayan mutuwar uban yaran nan. Kamar mutum ya shigo bai yi magana ba, amma kin san ya shigo."

Inna ta ce, "To, shi ne."

Na tsaya riƙe da kwanuka. Shekara talatin da huɗu da wannan abu, ban taɓa jin sa ba, sai ga shi an ba wadda aka sani kwana bakwai, wadda ko alƙibla ɗaya ba su kallo. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi ciwo. Ni nake tsayawa gaban mata arba'in ina yi musu bayanin natsuwa a sallah da dogaro ga Allah, ina kawo aya ina kawo hadisi, wasu har hawaye suke yi. Amma abin da tsofaffin nan biyu suka faɗa a jimla uku, ban taɓa ɗanɗanarsa ba. Ba na barin sallah, ba na barin azkar, ban taɓa shakkar addinina ba, har yau kuma ba na yi. Sai dai in na yi sujada, ni da lissafin abin da zan dafa gobe ne. Da magariba ta yi a ranar na tsawaita sujada da gangan, ina jira. Ba abin da na ji sai ƙarar fanka da tarin wata mata a gadon ƙarshe.

Daga ranar na canza. Na fara gyara wa Inna karatun Fatiha da ƙarfi yadda za a ji, ina nuna mata inda take sauya harafi. Ta riƙa maimaitawa a bayana ba musu, kamar ƙaramar yarinya. In Rahila ta fara addu'arta sai in ɗauko carbi in ɗaga murya. Na ce wa kaina kishin addini nake yi, ina tsare imanin uwata. Ba gaskiya ba ne. Rahila ba ta taɓa ce wa Inna ta bar komai ba, Inna ma haka. Wata rana da na ɗan yi wa Inna tsokaci a kan yawan hirar, abin da ta ce kawai shi ne, ita matar nan tana da nata, ita ma tana da nata, kuma ciwo ba ya tambaya.

A mako na biyu gado ya samu a can ƙarshen ɗakin, kusa da ƙofar baya. Na je wurin babbar nas na ce a mayar da mu can. Ta tambayi dalili. Da na ce iska ko haske da abin ya zo da sauƙi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, warin ciwon yana damun maƙwabciyarmu, ta yi ƙorafi, kunya ce ta hana ta faɗa a fili. Aka tura gadon da rana tsaka, lokacin an kai Rahila ɗaukar hoton ƙirji. Inna ta tambayi mai turawar me ya faru, ita kuwa ba ta san komai ba, ta maimaita mata abin da na faɗa.

Inna ta jawo zane ta rufe ƙafar har sau biyu, ta juya fuskarta bango. Da Rahila ta dawo ta aiko Ladi ta tambaya ko lafiya, ni na tare ta na ce likita ne ya ce. Washegari ta aiko da lemo, Inna ta ce a mayar, a ce ta gode. Rahila ba ta iya takowa, ɗakin kuma dogo ne, gado goma sha biyu tsakaninsu. Yanzu in ana wankin ciwo babu wanda Inna ke miƙa wa hannu. Ƙarfen gado take kamawa. Na samu abin da nake so, babu kowa sai ni, amma ko kallona ba ta yi.

Kwana uku da komawarmu can, likita ya buɗe ciwon ya daɗe yana kallo. Ya ce yatsu biyu sun mutu, dole a tafi Kano a cire su kafin abin ya hau. Ya rubuta takarda ya ba ni. Inna ta ce ba za ta je ba. Ta ce wadda ta fara wari tun tana da rai, har mutane na gudunta, a mayar da ita ɗakinta ta jira lokaci, a binne ta da jikinta cikakke. Kawu Iliya ya zo ya goyi bayanta, ya ce akwai wani mai magani a wajen Dagumawa da ya warkar da wanda ya fi wannan. Ƙannena maza suka rabu biyu. Ni kuwa na zauna ina jero mata hujjoji, cewa neman magani umarni ne, cewa malamai sun halatta a yanke gaɓa don a ceci rai. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ji, Malama." Ta daina cin abinci sai kunu cokali uku. Zazzaɓi ya fara zuwa mata da yamma.

Na san abin da ya karya ta, na kuma san maganinsa yana bakina. Kwana shida ina ɗauke da takardar Kano a jaka, ina sallah ina roƙon Allah ya juyo da zuciyarta, alhali na san ni ce na toshe hanyar. Kullum sai in ce gobe. Abin da ya hana ni ba tsoron faɗan Inna ba ne. Ba na so ne in je in durƙusa a gaban matar nan, in tabbatar wa kaina cewa maganarta ta fi tawa shiga kunnen uwata.

A rana ta tara baƙin ya wuce yatsu ya hau bayan ƙafa. Nas ɗin nan 'yar Utai ta ja ni gefe ta ce, in muna son tsohuwar nan, kada mu ƙara kwana. Na taka ɗakin nan tun daga ƙarshe har gadon Rahila, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki, na yi wa Ladi sannu da jinya. Sannan na faɗa mata komai.

Ta daɗe tana kallona da idanunta masu hazo. Ta ce ita da ta yi zaton wani abu ta faɗa da ya saɓa wa addininmu, ta yi kwana tara tana bincikar bakinta. Ta ce ita da ta yi jinyar miji shekara biyu yana komai a kwance, warin yatsa ne zai kore ta? Na roƙe ta ta yi wa Inna magana ta yarda a tafi Kano.

Ta ce, "Zan je. Amma ba ni zan wanke ki ba. Ke za ki faɗa mata da bakinki, ina zaune."

Ladi ta samo keken marasa lafiya, muka ɗora ta da ƙyar tana haki, muka tura ta har gadon Inna, duk matan ɗakin suna kallo. Na tsaya a ƙafar gado na ce, "Inna, ba ita ta ce a ɗauke ki ba. Ni na ƙirƙira. Ba ta taɓa cewa komai ba." Inna ta tambaye ni don me. Na ce don na ji haushin yadda take sakin jiki da ita. Sauran ban iya faɗa ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in ba su wuri. Na fita baranda ni da Ladi, ina hango su ta taga. Rahila ta sa hannu ta yaye zanen da ke kan ƙafar, ta duba, ta mayar. Suka yi magana ba ta fi ta minti goma ba. Har yau ban san me suka ce ba. Da aka kira ni, Inna ta ce in gaya wa maigidana ya nemo mota.

Kafin mu fita Rahila ta ce za ta sa ta a addu'a, Inna ta ce ita ma haka. Ni kuwa Rahila ta kama mayafina ta ce in riƙa ba tsohuwa abinci a kan lokaci, in rage wa'azi.

A Kano muka kwana biyu kafin gado ya samu. Likitan da ya duba ta ya karanta takardar, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya ce, "Da makon jiya kuka zo, da yatsu kawai za mu cire." Wannan maganar tana nan a kunnena. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Mako biyar muka yi, aka yi mata ƙarin jini sau biyu, ƙannena ne suka bayar. Aka koya mini yi mata allurar suga da auna shi da ɗan inji, aka hana ta shayi mai zaƙi da fura da sukari. Na gode wa likitocin nan, sun yi iya yinsu, duk da ranar tiyatar sai da aka ɗaga ta sau biyu tana zaune da yunwa. Na gode wa maigidana da bai taɓa nuna gajiya ba, da matan ajina da suka riƙa aiko da abinci. Kawu Iliya ma ya zo, ya zauna, bai ƙara maganar mai magani ba.

A mako na huɗu Ladi ta kira ni da safe ta ce Mama Rahila ta rasu, za a kai ta gida a binne. Na riƙe maganar har azahar, sannan na ga ba zan sake ɓoye wa Inna komai ba, na faɗa mata. Ta yi salati, ta ce a ba ta dutsen taimama.

Bayan an sallamo mu na kawo ta gidana. Abin da ta fara nema shi ne a kai ta gidan ɗan Rahila. Kawu ya ɗan yi gunaguni, ta ce masa ba sallah ta ce za ta yi mata ba, gaisuwa za ta je, kuma za ta je. Muka ɗauke ta a a-daidaita-sahu da galan ɗin man gyaɗa. Ta yi musu ta'aziyya, suka karɓe mu da mutunci, Ladi ta yi ta kuka.

A hanyar dawowa, muna kan gada, na daure na ce mata na ji labarin bayan rumbu a ranar nan, ina bakin ƙofa. Na ce ni ban taɓa jin irin wannan ba, ko sau ɗaya, duk karatuna. Na tambaye ta yaya ake yi mutum ya riƙa jin haka in ya yi sujada.

Ta juyo ta kalle ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce wa ya ce mini kullum ne? Ta ce a duk rayuwarta sau uku ne. Ranar Sani, da wata rana a gona da ba abin da ya faru ma, da safiyar da za a shiga da ita tiyata. Rahila kuwa ta gaya mata ita sau biyu ne, kuma ta yi shekara ashirin tana yi wa Allah ƙorafin bai ƙara ba.

Na ce, to sauran kwanakin fa?

Ta ce, "Sauran kwanakin irin naki ne. Ki yi alwala, ki tsaya, ki gama, ki je ki ɗora tukunya."

Na koma aji a watan da ya wuce. Da muka zo babin natsuwa a sallah na karanta musu abin da ke cikin littafi, na ce musu iyakar abin da na sani ke nan, wadda ta san fiye da haka a cikinsu ta gode wa Allah. Ƙafar Inna ba za ta dawo ba, kuma na san rabona a cikin wannan. Ta ce ta yafe, na kuma roƙi Allah ya yafe. Kishin ne dai bai gama fita ba. In na ga ta idar da sallah a kan kujera ta daɗe ba ta motsa ba, sai in tsinci kaina ina leƙen fuskarta, ina son in gane ko na huɗun ne ya zo mata. Ni shekarata arba'in da ɗaya, ina nan ina jiran na farko.